Takalmin Goggo

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma so ki durƙusa ki gaishe min da Goggo, ki ɗaga murya tunda kunnen ya yi nauyi. Yaya ƙafar tata? Yaya maigidanki da yara? Mu nan lafiya lau, sai ciwon bayan nan nawa da likita ya ce wai zama ne ya yi min yawa. Ni da na ƙare ƙuruciyata a sunkuye kan benci ina ɗinki, yau ni ake gaya wa zama.

Albishirinki. Abin da muka daɗe muna nema ya samu: gwamnatinmu ta ɗora haraji mai nauyi a kan duk takalmin da aka shigo da shi daga waje. Kin san ni ne shugaban ƙungiyar masu yin takalmi, to ni na ja su har ofishin minista. Na shiga da takalma a leda, nawa da na waje, na ajiye masa a kan tebur kusa da kofin shayinsa. Na ɗauki na wajen na murɗe, nan take ya tsage. Na miƙa masa nawa na ce, "Ranka ya daɗe, bismilla." Ya yi ta murɗa har agogonsa ya kwance. Sakandare da ƙyar na gama ta, amma ran nan ba wanda ya ce in nuna takarda.

Yanzu injinan da na lulluɓe da buhu duk na buɗe su. Ma'aikatan da na sallama ina kauda kai sun dawo, har da tsohon mai yanka min fata da ya koma gadi. Takalman banzan nan na roba da suka cika mana kasuwa sun fara ɓacewa daga shaguna. Ki gaya wa Goggo ɗanta ya yi magana an ji.

Takalminta na bana na gama shi. Ko injina nawa na tara, wannan da hannuna nake yi, a kan ƙafar itacen nan da na sassaƙa da siffar ƙafarta tun ina saurayi. Na hagun, na gajeriyar ƙafar, na yi masa tudu kamar kullum don ya kamo na dama. Gam ɗin bai gama bushewa ba, don haka direban da ke tsallako muku iyaka da wasiƙa zai kawo shi a zuwansa na gaba.

Yayanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Mun ga wasiƙarka, muna lafiya, yara suna gaishe ka. Allah ya ba bayanka sauƙi. Ka riƙa tashi kana zagayawa, shugaban ƙungiya ma ai mutum ne.

Na karanta wa Goggo a bakin kunnenta. Labarin agogon minista ta sa na maimaita mata, ta yi dariya har da tari. Ta ce tun kana yaro haka kake, in ka kama abu sai ka ga bayansa.

Takalmin nata na bara ya buɗe baki ta gaba, tudun kuma ya cinye ta gefe. Yanzu bango take bi in za ta fita tsakar gida. In da hali a hanzarta. Ina gida kwanakin nan, don haka idona na kanta.

Wata tambaya, Yaya. Takalmin nan da ka murɗe a gaban minista, wane launi ne? Akwai wani tambari a dunduniyarsa?

Ƙanwarka, Auta.

*

Auta,

Bayan sallama da tambayar lafiyarku, raina a ɓace nake rubuto miki. Takalmin Goggo ya dawo. Ga shi nan a kan teburina cikin kwalinsa, ina kallonsa yana kallona.

Direba ya ce gwamnatinku ta mayar mana da martani. Mu haraji kawai muka sa, wanda ya iya biya ya shigo. Ku kuwa ƙofar kuka rufe gaba ɗaya: ba takalminmu, ba tafinsa, ba ko fatar da aka yanka da siffarsa. Ya roƙi ɗan kwastan, ya ce, "Oga, dubi fa, na tsohuwa ne. Ɗaya ya fi ɗaya tudu, wa zai saya?" Mutumin ya jujjuya shi, ya ce wallahi ɗinkin ya yi kyau, amma a mayar. To ko maƙiyi dai ya shaida.

Direban ya ce in ba shi ya cusa ƙarƙashin kujerarsa ya wuce. Na ce a'a. Ni ne na shiga rediyo na ce ɗan fasa-ƙwauri da ɓarawo duk ɗaya ne. A kama kwali da sunan kamfanina a ƙarƙashin kujera, da wane ido zan dubi mutanena? Ki ba Goggo haƙuri. Wannan fushin manya ne, ba ya daɗewa. Ki kai tsohon wurin baduku ya ɗan kama bakin da zare, amma kada ya taɓa tudun.

Na ga labarin minista ya shige ki, har kina tambayar launi. Ruwan ƙasa ne, da ɗan tauraro a dunduniya. Irinsa ne ya fi cika mana kasuwa.

Na ji daɗi da kamfaninku ya ba ki hutu. Ki huta, kin sha aiki.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri, direba ya zo ya koma har sau da yawa ban ba shi amsa ba. Na yi ta ɗaukar biro ina ajiyewa.

Ba hutu ba ne, sallama ce. Takalmi mai tauraro namu ne. Ka san a kamfanin takalma nake, amma ba ka taɓa tambayata wane iri muke yi ba, ni ma ban taɓa kawo maganar a gabanka ba. Ni ce a layin maɗauri. Wataƙila wanda ka murɗe ɗin ma ta hannuna ya bi. Yawancin abin da muke yi kasuwarku yake tafiya, da harajinku ya sauka sai motoci suka daina lodi. Ranar da mai yanka maka fata ya bar gadi, a makon muka kwashe kofunanmu da ɗankwalayen aiki muka fito.

Ban ce ka yi laifi ba. Mutanenka ma suna da yara. Kalmar nan ce dai ta "banza" da ka kira takalmanmu da ita ta tsaya min a wuya, na tsallake ta da nake karanta wa Goggo. Mai tura baro da mai tallan ruwa ba su isa su sayi naka ba, Yaya. Namu suke sawa, in ya tsinke su sake. Yanzu a kasuwarku me suke takawa da shi?

Bar wannan. Goggo ta faɗi a hanyar banɗaki. Ba karaya, gwiwa ce ta ƙuje, amma tsoro ya shige ta. Ta daina fita ko ƙofar ɗaki. Ma'aikaciyar asibiti ta zo ta duba ta, ta ce tsoho in ya daina tafiya ƙafa sandarewa take yi, kuma in ta sandare ba ta dawowa. Baduku ya duba tsohon takalmin ya ce ba abin da zare zai kama.

Ga shawarata. Ka aiko min da ƙafar itacen. Itace ba ya cikin abin da aka hana. Fata akwai a nan, badukun layinmu ya ce zai ara min benci da kayan aiki, ni kuma ga ni a zaune. In ba ka yarda ba, to ka zura takalmin a ƙafarka ka tsallako kana ɗingishi, ai kwastan ba sa cire wa mutum na ƙafarsa. Sai dai ban ga inda wannan ƙafar taka mai kama da faranti za ta shiga ba.

Auta.

*

Ƙanwata,

Na gaishe ki, na gaida Goggo da jiki. Allah ya kiyaye gaba. Wallahi ban san mai tauraro naku ne ba. Da na karanta sai da na tashi na rufe ƙofar ofis. Kalmar nan na janye ta. Na sa direba ya sauke muku ɗan kayan abinci, kada ki ce komai, na yara ne.

Amma maganar ƙafar itace, Auta, ki bar ta.

Lokacin Goggo ba ta haife ki ba tukuna. Da mahaifina ya rasu, 'yan'uwansa na jini suna nan, kowa ya duƙar da kai. Goggo 'yar kawunsa ce kawai, da ta yi shiru ba mai zarginta. Ita ta kama hannuna. Da na gama makaranta ba aiki, ita ta kai ni wurin baduku a ƙarshen gari, tana tafiya tana karkacewa, tana tsayawa ta dafa kafaɗata ta huta. A hanyar nan na yi wa kaina alkawari. Na yi ta ɓata itace kafin in sami siffar ƙafar, ubangidana yana min dariya. Ranar da ta sa takalmin farko ta miƙe tsaye kafaɗunta suka daidaita, ta dube ni ta ce, "Ashe haka ku kuke ganin duniya, a miƙe." Tun daga ranar, har aure ya kai ki can kika ɗauke ta, har yau, ba hannun da ya yi wa ƙafar nan takalmi sai nawa.

Ba raina ki na yi ba. Amma ɗinka maɗauri a inji daban, yi wa gajeriyar ƙafa takalmi daban. Tudu in ya kuskure kaɗan, ƙugu ne zai biya.

Ina kan neman hanya. Na kawo maganar a taron ƙungiya, na ce mu nemi a ware takalman masu lalura daga wannan rigima, ta kowane ɓangare. Ma'ajinmu ya ce, "Shugaba, in muka roƙi su buɗe mana taga, za su ce mu buɗe musu ƙofa." Sauran suka goyi bayansa. Ni na koya musu irin wannan maganar, ban ji daɗin jin ta a bakin wani ba. Na dai rubuta wa ma'aikatar ciniki da kaina. Ku ƙara haƙuri kaɗan.

Yayanki.

*

Yaya,

Lafiya muke, kaya sun iso, an gode. Goggo tana cin abinci amma har yanzu daga gado sai tabarma. Jiya na ɗaga ta na ji ta yi min nauyi a hannu, ƙafar ba ta taimaka mata kamar da.

Goggo ba ta san na rubuta wannan ba. In ta sani sai ta yi wata ba ta amsa gaisuwata ba.

A cikin ambulan ɗin akwai kwali. Na tsayar da ita a kai na zagaye ƙafarta ta hagu da fensir, na ce mata wasa nake da jikokinta. Ka ɗora ƙafar itacenka a kan zanen.

Ka daɗe ba ka zo ba, Yaya, aiki ya riƙe ka. Ƙafar ta canza. Babban yatsan ya karkace ya hau na kusa da shi, gefen ya fito, idon sawun yana kumbura. Shekaru ke nan, duk takalmin da ka aiko sai ta sa shi a gaban direba, ta taka ta juya, don ya koma ya ba ka labari. Yana fita take cirewa, sai ka ga jan layi a fatarta. Ni nake warware gefen, in ƙara ƙyallen fata mai laushi, in mayar da ɗinkin ta ramukan da basillarka ta huda don kada a gane. Na sha cewa bari in gaya maka. Sai ta ce, "Kul. Yaron nan a kan takalmin nan yake tsaye. Kada ki taɓa min shi."

Na taɓa maka shi yau, ka yafe min. Da zan iya jira da na jira.

Ƙanwarka.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Na san kin ga direba yana zuwa hannu wofi kin ɗauka fushi nake. Fushin na yi, ba zan ɓoye miki ba. Da farko abin da ya fi ƙona min rai shi ne wai wani ya sa reza a ɗinkina. Kwalin na jefa shi cikin durowa na ce zanen mata ne, fensir ya zame.

Sai wata safiya kafin ma'aikata su iso na ciro shi na shimfiɗa a kan benci, na ɗora ƙafar itacen. Auta, ta zauna a cikin zanen kamar ƙafar 'ya a cikin sawun uwarta. Dunduniya ta yi daidai, tsawo ya yi daidai, sauran duk fili. Ƙafar matar da ta kai ni wurin baduku nake ta yi wa takalmi, ita kuma tana can tana tsufa. Mai yankan fata ya shigo ya same ni a haka, ya ce, "Maigida, lafiya?" Na ce ƙurar fata ce ta shiga min ido. Ya dubi bencin da ba a fara aiki a kai ba, ya ce lallai yau ƙurar da yawa, ya ja min ƙofa.

Na gaya wa minista ba ɗinkin da zai tsaya kusa da nawa. A ƙafar Goggo dai ba wanda aka bari ya gwada, kuma ni ba a bari na ji inda yake matsi ba.

Kada ki ɗauka na janye maganar haraji. Ina fita tsakar kamfani in ga mutane suna wanke hannu za su ci abinci, ba zan ce na yi nadama ba. Amma yanzu in na ga haka sai in tuna da kofinki. Tambayarki ta mai tura baro ma ban sami amsarta ba. Na sa ido a hanya, na ga wasu da igiya suke ɗaure tsofaffin takalmansu. Na ce wa mutanena mu zauna mu ga ko za mu iya fitar da mai sauƙin kuɗi. Ma'aikatar ciniki kuwa ko amsa.

Akwai abin da ban rubuta miki ba a wasiƙar farko. Da na murɗe mai tauraron nan, roba ce ta tsage. Maɗaurin bai saki ba. Na ja shi da yatsa a ɓoye ina magana, ya ƙi. Na lura tun ranar.

Ga ƙafar itacen nan, na naɗe ta a tsohuwar rigar aikina, da basillata. Na gaya wa direba ya ajiye ta a fili, ya nuna wa kwastan da hannunsa. Yanzu ki saurara. Kada ki sa wuƙa a itacen. Inda ƙafar ta ƙaru, ki manna guntayen fata a jikinsa, ki goge har ya bi zanen. Ki sake gwada ta da yamma, lokacin da ƙafa ta gama kumburinta, kuma a tsaye, ba a zaune ba. Tudun ki jera shi falle-falle, kowane ya bushe kafin ki ɗora wani. Ta gaba ki zaftare shi kaɗan ya ɗaga baki, in ba haka ba zai riƙa kama ƙasa ya kayar da ita. Zaren ki shafa masa kakin zuma. In badukun nan ya ce miki ga wata hanya mafi sauri, ki gode masa ki yi yadda na ce.

Na farko zai ɓaci. Kada ki damu, nawa ma ya ɓaci.

Yayanki.

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan bayan ya yi sauƙi. Saƙo ya iso. Direba ya ce 'yan kwastan sun taru a kan ƙafar suna gardama, wani ya ce kayan takalmi ne, wani ya ce ai ba a sa ta a ƙafa. Babbansu ya ɗaga ta ya duba ya ce wannan sassaƙa ce, a wuce.

Na farko ya ɓaci kamar yadda ka ce, har badukun ya tambaye ni ko jirgin ruwa nake haɗawa. Na biyu na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya. A ɗakin badukun na yi aikin, Goggo ba ta sani ba. Da na gama na sa a kwali na kawo mata na ce ga saƙo daga Yaya, an buɗe hanya.

Ta sa. Na kama ta ta miƙe. Sai ta ture hannuna. Ta taka zuwa ƙofar ɗaki, ta tsaya, ta ratsa tsakar gida a hankali, yara suna bin ta a baya. Ba ta tsaya ba sai a bencin ƙofar gida. Ta zauna tana amsa gaisuwar maƙwabta kamar wadda ta dawo daga tafiya.

Da mutane suka ragu ta kira ni da hannu. Ta ce, "Auta, wannan ba ɗinkin ɗana ba ne."

Na ce, "Inna, ya aka yi kika sani?"

Ta ce, "Bai matse ni ba."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ɗauko mata ƙafar itacen da facin fata a jikinta, da rigarka. Ta daɗe tana shafa wuraren da na manna. Ta ce, "Shi ya aiko da kansa?" Na ce shi. Ta ce, "To ya girma." Ta sa rigar a fuskarta, ni kuma na tashi na ba ta wuri.

Saƙonta gare ka: wancan da aka mayar kada ka yar, nata ne, ka ajiye mata. Kuma ta ce ita ba ta ji an ce an ɗora wa mutum haraji ba. Ka zo ka ga ƙafar da idonka.

Auta.

*

Auta,

Lafiya lau. Ki ce mata ina tafe tare da direba a zuwansa na gaba. Zan duba ɗinkin naki, kada ki ɗauka kin tsira.

Ba zan riƙo komai ba sai takalmin da ke ƙafata, kuma shi ma ɗinkin kamfanina ne. In kwastan ɗinku sun ce ba zai shiga ba, zan cire in bar musu, in tako haka nan. Ki tanadar min mai tauraro, babba.

Yayanki.